Hawan Tsaunukan Alps a Karon Farko: Daga Ina Za a Fara?

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu da ke karatu a Jamus. Shi da abokansa biyu suna so su yi amfani da hutun bazara su je tsaunukan Alps, su hau da ƙafarsu, su ga irin wuraren nan na cikin hotuna, kololuwa fara fat da tafki a gindinta. Ya ce bai taɓa hawan abin da ya wuce Dutsen Dala ba. Yana so ya san inda zai fara, abin da zai riƙe, da kuma ko akwai haɗari.

Ƙanena, niyyar nan taku mai kyau ce, kuma za ta yiwu. Na daɗe ina raka mutane yawon tsauni a Suwizalan da kudancin Jamus, saboda haka zan faɗa maka kai tsaye: abin da kake son gani za ka gan shi ba tare da ka rataya a jikin igiya ba. Amma sai ka fara raba abu biyu da mutane kan haɗa. Akwai bin hanyar tsauni wadda aka share aka yi wa alama, duk mai lafiya zai iya binta. Akwai kuma hawan kololuwa irin na gwanaye, da igiya da gatarin ƙanƙara da ƙarafa masu haƙora a tafin takalmi. Na farkon shi ne naku. Na biyun ku bar shi tukuna, sai kun koya a hannun masu shi.

Dutsen nan mai tsini da ya fi kowane yawa a hotuna sunansa Matterhorn, tsayinsa mita 4,478, a kan iyakar Suwizalan da Italiya. Mutum bakwai ne suka fara kaiwa samansa ranar 14 ga Yuli 1865, cikinsu har da Baturen Ingila Edward Whymper, amma uku ne kaɗai suka dawo. Sauran huɗun sun faɗo ne a wajen saukowa, ɗaya ya zame ya ja 'yan'uwansa, igiya ta tsinke. Wannan dutse kallonsa za ku je yi, kuma wuraren kallonsa mafi kyau duk suna kan hanyoyin da kuke iya bi, a kewayen garin Zermatt da ke gindinsa.

Kafin takalmi, kafin jaka, abin da nake fara koya wa kowa shi ne karanta allon hanya da duba agogo. Wanda ya iya waɗannan biyun ya kauce wa mafi yawan abin da ke jefa baƙi cikin wahala. Suwizalan tana da hanyoyin ƙafa masu alama da tsawonsu ya haura kilomita 65,000, kuma launi ne ke gaya maka irin hanyar da ke gabanka. Allo rawaya zalla hanya ce mai faɗi, ba wurin faɗowa na a-zo-a-gani. Idan bakin allon yana da fari-ja-fari, kuma kana ganin wannan fenti a jikin duwatsu, to ka shiga ainihin hanyar tsauni: siririya, ga tudu ga gangara, wani wurin rami a gefenka, wani wurin sarƙa ko igiyar ƙarfe a jikin dutse don ka kama. Tana bukatar takalmi mai kyau da ƙafa mai tsayuwa. Idan kuwa allon shuɗi ne, fentin fari-shuɗi-fari, ku juya. Irin wannan takan bi ta kan ƙanƙara ko ta inda sai an kama dutse da hannu, wani lokaci ma hanyar takan ɓace. Kada wani ya ce muku ai kusa ne. A bana rawaya da fari-ja-fari mai sauƙi su ne iyakarku.

Za ka kuma lura cewa allon ba ya faɗin kilomita, awa da minti yake faɗa. Dalili kuwa, a tsauni nisa ba shi ne ma'auni ba, hawa ne. Mai matsakaicin ƙarfi yakan yi kilomita 4 a awa ɗaya a fili, amma idan hanya ta miƙe sama, mita 300 zuwa 400 kaɗai yake hawa a awa. Kilomita uku a taswira za ta iya cin rabin yininka. Lokacin da ke jikin allo bai haɗa da hutu ba, bai haɗa da cin abinci da ɗaukar hoto da salla ba, kuma da ƙafar waɗanda suka saba aka auna shi. Idan ya ce awa uku, ku rubuta huɗu. Daga nan sai ku yi lissafi ta baya: ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ko motar igiya (mai tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe) ta ƙarshe ke sauka, ƙarfe nawa ya kamata mu kasance a can, to ƙarfe nawa za mu juya ko mun kai ko ba mu kai ba. Wannan lokacin juyawa ku tsayar da shi tun a masauki, ku ukun ku yarda da shi, domin idan kuna ganin kololuwa saura kaɗan, ba wanda zai so ya zama shi ne ya ce a koma.

Tunda kuna Jamus, da ni ne ku, sai in fara gwaji a gida kafin in kashe kuɗin Suwizalan. Jirgin ƙasa na yanki yana kai mutum daga Munich zuwa Garmisch-Partenkirchen, tikitin Deutschlandticket ya wadatar. Akwai tsauni a can mai suna Wank, mita 1,780, hawan da ya ɗan haura mita 1,000 daga cikin gari, wajen awa uku zuwa uku da rabi. Daga samansa kana fuskantar Zugspitze, mafi tsayi a Jamus, mita 2,962. Idan gwiwa ta gaza, akwai motar igiya da za ta sauko da kai. A yini ɗaya za ka san takalminka, ka san numfashinka, ka kuma san wanene cikin abokanka mai gaggawa.

Sai Zermatt. Katin zamanka na Jamus tare da fasfo sun isa ka shiga Suwizalan, amma tikitin Jamus ba ya aiki a kan wannan hanya, kuma komai a can da tsada. Motocin baƙi ba sa shiga garin, a Täsch ake ajiye su a ƙarasa da jirgin ƙasa, kuma masauki a Täsch ko Randa yakan fi sauƙi. Garin kansa yana kan mita 1,600, kwatankwacin tsaunin Mambila. Ku kwana a wannan tsayin kafin ku hau ko'ina.

Rana ta farko ku bi hanyar tafkuna biyar. Ana hawa da jirgin cikin rami zuwa Sunnegga, sannan motar igiya zuwa Blauherd, mita 2,571, daga nan a tako da ƙafa a biya ta Stellisee, Grindjisee, Grünsee, Moosjisee da Leisee, a ƙare a Sunnegga, mita 2,288. Kilomita tara zuwa goma ne, wajen awa biyu da rabi a allo, yawancinta gangara. Uku daga cikin tafkunan suna nuna hoton Matterhorn a cikin ruwansu.

Rana ta biyu ita ce wadda nake so ku ba muhimmanci: Gornergrat. Jirgin ƙasa mai haƙori a tsakiyar layinsa yana hawa can tun 1898, cikin minti talatin da 'yan kai, tasharsa ta ƙarshe tana kan mita 3,089. Wato kana tsaye kusan mita 700 sama da Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya. Daga dandalin kallo ana ƙirga kololuwa 29 da suka haura mita 4,000, har da Dufourspitze, mita 4,634, wadda babu kamarta a Suwizalan. A ƙasa kuma ga daskararren kogin ƙanƙara na Gorner kwance a cikin kwari, da baƙaƙen layukan tsakuwa a bayansa da ya kwaso daga sama.

Yawancin baƙi sukan hau jirgi, su yi hoto, su koma jirgi. Ku kada ku yi haka. Ku ɗauki jirgin sassafe, ku sauka a Rotenboden, tasha ɗaya kafin ƙarshe, mita 2,815. Tafiyar minti goma ce zuwa ɗan ƙaramin tafkin Riffelsee. Da safe kafin iska ta tashi ruwan ba ya ko motsi, sai ka ga Matterhorn biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kife, har layin dusar ƙanƙarar da ke kafaɗarsa kana iya bi da ido a cikin ruwan. Idan rana ta ɗaga, iska takan yamutsa fuskar tafkin, hoton ya tafi, jama'a kuma su cika wurin. Za ku ji wani fito mai kaifi daga cikin duwatsu, ba mutum ba ne, wata dabba ce mai kama da gafiya mai ƙiba, tana sanar da 'yan'uwanta an zo. Sau da yawa akwai tumakin yankin a nan kusa, farare masu dogon gashi, fuska da gwiwoyi baƙaƙe ƙirin, ƙaho a murɗe. Daga tafkin, idan jiki ya ba da dama, ku hau zuwa Gornergrat da ƙafa, hawan da ya ɗan haura mita 300 kawai amma za ku ji shi a ƙirji. In ba haka ba ku gangara Riffelberg, mita 2,582, ko ku zarce Riffelalp inda itatuwa suke fara bayyana. Daɗin wannan hanya shi ne tasha ba ta nisa da ku, duk wanda ya gaji jirgi na nan.

Idan waɗannan biyun sun tafi lafiya kuma sama ta yi garau, akwai ta uku: daga Schwarzsee, mita 2,583, zuwa Hörnlihütte, mita 3,260, gidan da masu hawan Matterhorn ke kwana kafin su tashi da asuba. Wajen awa biyu ne hawa, ƙarshensa tudu ne sosai, da matakalar ƙarfe da wurare masu rami a gefe. Duk wanda kansa ke juyawa idan ya leƙa ƙasa, ya tsaya a Schwarzsee, can ma kallon ya isa.

Yanzu ga maganar da ba za ka ji daga abokanka Turawa ba, ita ce kuma ta fi damuna. Ku san jinotayif ɗin jininku, wato ko AA ne ko AS ko SS, kafin ku tafi. A mita 3,000, kowane numfashi yana kawo maka kusan kashi 70 cikin 100 ne kawai na iskar oksijin da kake samu a bakin teku. Ga kowa, wannan na iya kawo ciwon kai, tashin zuciya, jiri da rashin barci daga mita 2,500 zuwa sama, maganinsa kuma a daina hawa, in bai lafa ba a sauko. Amma mu muna da ƙarin abin lura. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da AS, da yawa kuma ba su sani ba domin bai taɓa damunsu ba. Mafi yawan masu AS suna hawa su sauko lafiya lau. Sai dai ƙarancin iska, idan ya haɗu da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki, yana iya sa jini ya toshe a cikin saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu. Wanda ya ji haka kada ya daure, kada a ce masa ai murɗawar ciki ce. A sauko da shi nan take, a kai shi asibiti, kuma ya faɗa wa likita da bakinsa cewa yana da AS, domin likitan ƙauyen tsauni ba lalle tunaninsa ya fara zuwa nan ba. Mai AS ya hau a hankali, ya yawaita shan ruwa, kada ya fara da wuri mafi tsayi a ranar da ya iso. Mai sikila kuwa, SS ko SC, kada ya sayi tikiti sai ya zauna da likitansa.

Sai yanayi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da digiri shida zuwa bakwai. Idan Zermatt tana 20, Gornergrat tana wajen 10, in iska ta kaɗa kuma jikinka a jiƙe da gumi, za ka ji kamar ƙasa da haka nesa. A watan Yuli da Agusta safiya takan waye tas, da azahar gajimare su fara taruwa a kan kololuwa suna tashi sama, da la'asar hadari ya sauko. Shi ya sa ake sammako. Ku duba manhajar MeteoSwiss da dare, ku sake dubawa da safe, in ta ce tsawa da rana, ku rage tafiyar ko ku fasa. Idan hadari ya riske ku, ku ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace uku kilomita ɗaya ce. Ku bar tudu da doron tsauni, ku nisanci igiyar ƙarfe da gicciyen da ake kafawa a kololuwa da itace mai tsaye shi kaɗai, ku rarrabu da juna, kowa ya tsuguna a kan jakarsa ƙafafu a haɗe. Hazo ma abin tsoro ne. Idan ya rufe ku, kada ku bar fenti na ƙarshe da kuka gani sai kun hango na gaba.

Ka tuna mutanen Whymper a saukowa suka faɗo. Har yau zamewa da faɗuwa ne suka fi kashe masu yawon tsauni, kuma saukowa ce ta fi kawo su. An ga abin da aka zo gani, an saki jiki, cinya ta gaji tana rawa, ana sauri kada jirgi ya tafi, ga waya a hannu ana duba hotuna. Ku rage taku, ku ɗan lanƙwasa gwiwa, nauyin jiki a kan tafin ƙafa, ba a jingine baya ba. Sanda biyu na rage wa gwiwa aiki ƙwarai. Wanda zai yi hoto ya tsaya cak tukuna, kuma kada ya ja da baya yana kallon waya. Kada ku yanke hanya ta kan ciyawa mai gangara, jiƙaƙƙiyar ciyawa ta fi dutse santsi. In kun tarar da ragowar dusar ƙanƙara ta rufe hanya a wuri mai gangara, musamman da safe da take da tauri, ku koma. In dutse ya kuɓuce daga ƙafar wani, ya yi ihu don na ƙasa su kauce.

Kaya ba sa bukatar yawa. Takalmin hawa mai kaurin tafi da zane mai kama ƙasa, wanda ka riga ka yi yawo da shi ya saba da ƙafarka, ba kambas ba, ba kuma sabo fil daga kanti ba. Riga a kan riga: ta ciki mai saurin bushewa, suwaita, sai rigar ruwa mai tare iska. Auduga da wandon jins suna riƙe gumi su sanyaya jiki, a bar su a masauki. Hula, safar hannu mara nauyi, tabarau na rana da man kare fata. Kada ka ce fatarka baƙa ce, hasken rana a can sama ya fi ƙarfi, yana ƙona leɓe da hanci, idan kuma ya dawo daga kan ƙanƙara yana cutar da ido. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowane mutum, dabino, gyaɗa, burodi da cuku. Tocila, usur, filasta, da abin cajin waya na hannu, domin sanyi na shanye batir. Ku sauke taswirar swisstopo a waya tun kuna da intanet.

Famfunan kwari ruwansu na sha ne, sai wanda aka rubuta wa Kein Trinkwasser. Ruwan rafi da ke ƙasa da makiyaya a bar shi. Hanyoyi da yawa suna ratsa makiyaya, saboda haka duk ƙyauren da kuka buɗe ku rufe. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta hanya da nisa, kada a shiga tsakaninsu. Babban karen da ke gadin tumaki idan ya taho yana haushi, a tsaya, kada a gudu, kada a ɗaga masa sanda, a kewaye garken a hankali. Furanni na kallo ne, da yawansu doka ta hana tsinka. Shara kuma kowa ya sauko da tasa.

Salla ba ta da wuya a tsauni. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. Ku kauce daga hanya zuwa wuri mai faɗi, nesa da bakin rami, kuma ku sa ta cikin lissafin lokacinku tun farko. Ruwan alwala sanyi gare shi matuƙa, a riƙe ɗan tawul a sa safa da wuri. Batun kasaru da haɗa salloli ku tambayi malami kafin ku tashi. A gidajen abinci na kan tsauni ana yawan sa naman alade a miya da cikin soyayyen dankalin nan nasu, rösti, don haka ku tambaya, ku ce a yi muku ba Speck. In za ku kwana a ɗaya daga cikin gidajen tsauni, sai an kama wuri tun da wuri, a kuma faɗi irin abincin da ake so a lokacin kamawa, domin tukunya ɗaya ake yi wa kowa.

Ku ajiye lambobin nan a waya da kuma a takarda: 112 tana aiki ko'ina a Turai, 144 ita ce ta gaggawa a jihar Valais inda Zermatt take, 1414 kuma ta jiragen ceto na Rega ce a sauran sassan Suwizalan. Inda babu sabis, alamar neman agaji ita ce busa usur ko haska tocila sau shida a cikin minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Ɗauko mutum da helikwafta kuɗi ne mai yawa, kuma inshorar lafiya ta ɗalibi ba lalle ta biya duka ba. Shiga ƙungiyar masu hawan tsauni ta Jamus, DAV, yana zuwa da inshorar nema da ceto, ga ragin kuɗin kwana a gidajen tsauni, kuma suna da rassa a manyan garuruwa da ke koyar da sababbi. Kowace safiya ku gaya wa mai masaukinku inda za ku da lokacin da kuke sa ran dawowa.

Game da lokacin zuwa, hanyoyin sama sukan buɗe ne daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Satumba, farkon Yuni kuwa akwai sauran ƙanƙara a wurare da dama. Ni na fi son ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba: hadarin rana ya ragu, cunkoso ya ragu, sama ta fi yin garau. Sai dai yini ya fara gajarta, wasu motocin igiya kuma sukan rage lokutan aiki, don haka ku duba jadawalinsu kafin ku kama masauki. Ku ware kwana huɗu ko biyar ko da tafiyar ta kwana uku ce, saboda Matterhorn yakan yini a lulluɓe da gajimare, kuma za ku so a ce kuna da ranar da za ku jira shi.